Maɓallin Tsayarwa da Gwanayen da Suka San Lokacinsa

A kusurwar hagu ta saman allon madannai akwai wani ɗan maɓalli da ke zaune shi kaɗai. A kwamfutocin Nijar, masu jerin haruffa irin na Faransa, Échap aka rubuta masa. A na Najeriya kuwa Esc. Can wajen dama akwai ɗan'uwansa da ba kowa ya damu da shi ba, mai rubutun Pause, da Attn ko Break a ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a ofishin magajin gari na ƙaramar hukuma irin Kiyeshe, ko a shagon buga takardu a Dogondutsi, ya san lokacin da hannu ke tafiya can da kansa. Aiki ya daɗe, mutane na tsaye bakin ƙofa, ko kuma ka tuna ba wannan fayil ɗin ka yi niyyar taɓawa ba, sai ka danna. Wani lokaci aikin ya tsaya cak. Wani lokaci na'urar ta tambaye ka ko ka tabbata. Wani lokaci kuwa ko gezau, ka yi ta dannawa har ka fara cewa ta maƙale.

Mutane kan ɗora wannan bambanci a kan halin na'ura. Alhali mutum ne ya yanke hukuncin, tun ranar da yake rubuta manhajar: a nan za a iya tsayar da ni, a nan sai an ɗan jira, a nan kuwa ba zan saurari kowa ba. Yanke wannan hukunci daidai sana'a ce mai zaman kanta, kuma tana cikin waɗanda na fi ganin girmansu a aikin kwamfuta, domin babu mai yaba wa gwaninta. Idan ya yi aikinsa da kyau, abin da mai amfani zai gani kawai shi ne ya danna, aiki ya tsaya, kuma komai na nan lafiya.

Yawancinmu mun san Ctrl da C a matsayin hanyar kwafar rubutu. Wannan aikin daga baya aka ba su. Tsohon aikinsu, wanda har gobe suke yi a baƙin allon nan da ma'aikatan kwamfuta ke rubuta umarni a cikinsa, shi ne katse abin da ke gudana. A tsarin lambobin haruffa na ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, babban harafin C lambarsa 67 ce. Riƙe Ctrl yana zabge 64 daga ciki, a bar 3. Idan 3 ɗin nan ta iso, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ba ta miƙa ta ga aikin da ke gudana a matsayin harafi. Sai ta riƙe ta, ta aika wa aikin da wata sigina mai suna SIGINT, mai lamba 2. Haka abin yake a Linux da sauran dangin Unix, tsarin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs a 1969. Shi kuwa Break ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Daga zamanin tangaraho ya samo asali, lokacin da ma'aikacin da ke karɓar saƙo kan yanke layin na ɗan lokaci don mai aikawa ya gane cewa ana so ya dakata. Tun a wancan zamani an yarda cewa wanda ke can ƙarshen waya yana da haƙƙin ya ce tsaya.

To, idan siginar ta iso, me zai faru? Manhajar da marubucinta bai ce komai a kai ba mutuwa take yi nan take, ko a ina take. Wannan shi ne asali, kuma ga ayyuka da yawa ya wadatar: wanda ke neman wata kalma cikin fayiloli dubu, in ya fasa, babu abin da zai lalace. Marubucin yana iya cewa a toshe kunne, a zubar da siginar kamar ba a aiko ta ba. A rubutun umarni na Linux layi ɗaya ne tak, kalmar trap da alamun zance biyu babu komai a tsakaninsu, sai INT. Yana iya cewa idan ta zo a kira wani ɗan sashe da ya tanada. Yana iya sa a tsare ta a bakin ƙofa sai ya gama abin da ke hannunsa. Akwai ma masu gaya wa babbar manhaja ta daina fassara lamba 3 gaba ɗaya, su karɓe ta a matsayin harafi kamar kowane. Shi ya sa a manhajar rubutu ta nano, danna Ctrl da C ba ya tsayar da komai, sai dai ya nuna maka layin da kake. Duk waɗannan ana koyonsu a yini ɗaya. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin wanda ya dace da kowane wuri.

Mu sauko da maganar gida. A ce wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Kiyeshe mai bankin hatsi, irin waɗanda suka yawaita a karkarar Nijar: a saye hatsi da kaka yana da araha, a adana, a fitar wa mutanen gari idan rumbuna sun yi ƙasa kafin sabon amfani ya nuna. A ce ma'ajin kwamiti ya bar littafi ya koma Excel, wani saurayi da ya yi karatu a Yamai ya rubuta masa makro, wato ɗan jerin umarni da ke yin aiki mai maimaituwa da danna ɗaya. Ranar rabo makron zai bi sunaye 300. Ga kowane suna zai yi abu biyu: ya rage tiyoyin da aka ba mutumin daga lissafin sito, sannan ya rubuta su bashi a gaban sunansa. Yanzu a ce a kan mutum na 141 ma'aji ya tuna bai gyara farashin tiya ba, ya danna Échap, kuma dannawar ta faɗo daidai bayan an rage daga sito, kafin a rubuta bashi. Excel zai tsaya ya fito da ɗan akwati mai tambaya ko a ci gaba, ko a ƙare, ko a shiga gyaran rubutun. Ma'aji zai zaɓi ƙarewa, don abin da yake so ke nan. Tiyoyin mutum ɗaya sun fita daga sito ba su sauka a kan kowa ba. Ctrl da Z ba za su dawo da su ba, domin abin da makro ya yi ba ya warwaruwa ta wannan hanya. In kuma aka sake kunna makron daga farko, mutum 140 za su wayi gari da bashi ninki biyu.

Wanda ya san zaman kwamitin ƙauye ya san inda wannan zai kai. Ba za a ce kwamfuta ta yi kuskure ba. Za a ce hatsi ya ɓata a hannun ma'aji, kuma mutuncin da ya yi shekaru yana tarawa ne zai biya. Saboda haka nake ɗaukar wannan sana'a da muhimmanci fiye da yadda girman maɓallin ke nunawa.

Sabon hannu, da zarar ya gane haɗarin, sai ya ruga ga maganin da ya fi kusa. Yaren makro na Excel, wanda ya shigo da Excel 5.0 a 1993, yana da wani saiti mai suna EnableCancelKey. Ka ba shi xlDisabled, shi ke nan, Échap ya mutu, Ctrl da Break sun mutu, har makron ya ƙare. Sai ya sa wannan layi a farkon rubutunsa, ya ji hankalinsa ya kwanta. Amma ranar da makron zai faɗa cikin zagayen da ba ya ƙarewa, wataƙila don wani ya bar gurbi babu suna a tsakiyar jerin, ma'aji ba shi da yadda zai yi. Sai ya danna Ctrl da Alt da Suppr, wato Delete, ya kashe Excel ɗungurungum, duk aikin yinin da bai adana ba ya bi ruwa. Kamfanin Microsoft da kansa ya ja kunne a kan wannan a bayanin saitin, har ya tsara cewa da zarar makro ya ƙare, saitin ya koma yadda yake da kansa. Akwai wani mai suna Interactive da ke toshe madannai da linzami baki ɗaya, shi kuwa ba ya komawa da kansa. Wanda ya kulle ya manta bai buɗe ba ya bar mutane gaban allon da ba ya amsa musu.

Gwani ba haka yake yi ba, kuma abin da yake yi duk wanda ya taso a ƙauyukan kan tudu, nesa da kwarin Dallol Mauri, inda rijiya ke da gaba da yawa, ya san shi. Mace tana jan guga ya kai rabin hanya, aka kira ta daga baya. Ba za ta saki igiya ba, ba kuma za ta yi kamar ba ta ji ba. Za ta ce ina zuwa, ta ƙarasa ja, ta juye ruwan, sannan ta juyo kafin ta sake zura gugan. Gwanin makro yana ba saitin nan xlErrorHandler. Da haka danna Échap ba ya tsayar da aiki kai tsaye, sai ya zama kuskure mai lamba 18 da ake miƙa wa sashen da marubucin ya tanada. Sashen ya rubuta cewa an nemi a tsaya, ya mayar da aiki inda yake, a ƙarasa bashin mutum na 141, kuma kafin a taɓa na 142 a duba alamar, a tsaya. Wani gwanin kuma kulle maɓallin yake yi dab da ragewa daga sito, ya buɗe shi da zarar an rubuta bashi. Kullen ba ya kai ƙiftawar ido, amma sau 300 ake yin sa ana warwarewa. Daga wajen ma'aji, ya danna, aiki ya tsaya, an gaya masa an gama da mutum 141, saura 159.

Nan ne zuciyar sana'ar take: gano wurin da bai kamata a katse ba, sannan a matse shi har ya zama mafi ƙanƙanta. Wanda bai iya ba yana kulle aikin minti goma don kare abin da ke ɗaukar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wanda ya iya yana zama ya karanta rubutunsa layi-layi yana tambayar kansa, in aka tsaya a nan, me za a tarar? A yawancin layuka amsar ita ce babu komai. A layi biyu ko uku amsar ita ce rabin gaskiya, kuma waɗannan kaɗai yake karewa.

A Unix an ware wa wannan dabara kayan aikinta, wani kira mai suna sigprocmask. Siginar da aka tsare ba ta ɓacewa. Babbar manhaja na riƙe da ita, kuma da zarar an ɗage tsaron sai ta shigo. Ba a tara su, ko sau goma mutum ya danna cikin haushi, ɗaya za a ƙirga. Ba a samu wannan tsari da sauƙi ba. A tsofaffin Unix, da zarar sigina ta iso sai tanadin da marubuci ya yi ya goge, sai ya sake kafa shi. Mai saurin hannu da ya danna sau biyu a jere yana iya dacewa da wannan ɗan tsakani ya kashe manhajar da aka yi wa kariya. Mutanen Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ne suka gyara wannan a 4.2BSD a 1983, sannan ƙa'idar POSIX ta 1988 ta tsayar da hanya ɗaya da kowa zai bi. Shekaru aka kwashe ana kai-komo a kan danna maɓalli ɗaya.

Akwai wani tarkon da sai wanda ya daɗe a aikin ke ganinsa. Sashen da ke amsa sigina ba ya jiran izini, yana faɗowa ne a tsakiyar kowane abu, ko da manhajar tana tsaka da rubutu a allo ko tana tsaka da neman wurin ajiya a ƙwaƙwalwar na'ura. Idan shi ma ya ce zai yi irin wannan aikin, sai su yi karo, manhajar ta sandare ko ta lalata abin da ke hannunta, kuma ba kullum ba, sai jefi-jefi, yadda gano dalilin zai yi wuya. Don haka a yaren C gwanaye ba sa ba wannan sashe aiki sai ɗaya: ya ɗaga alama ya koma. Babban aikin ne zai duba alamar a inda ya ga dama. A yaren Python an sauƙaƙa wa mutane, danna Ctrl da C yana zuwa ne a matsayin KeyboardInterrupt, amma sauƙin ya zo da nasa haɗari. Mai koyo kan rubuta sashen da ke kama kowane irin kuskure ya ci gaba, bai san ya haɗa har da muryar mai amfani ya haɗiye ba.

Bayan an yarda za a tsaya, saura shara. Manhaja mai tarbiyya ba ta fita ta bar fayilolin wucin gadi a warwatse, ko ta bar alamar kulle da za ta hana na bayanta aiki. Misalin da ya fi burge ni shi ne na tambayar kalmar sirri a baƙin allo. Kafin ka rubuta, manhajar tana sa a daina nuna haruffan da kake dannawa. In ka fasa a daidai nan, kuma marubucin bai tanadi mayar da allon yadda ya same shi ba, za ka koma kana rubutu ba ka ganin komai, sai in ka san ka rubuta stty sane a makance. Wanda ya tuna da wannan ya tuna da mutumin da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. Haka kuma akwai faɗin gaskiya wajen fita. Kowace manhaja tana barin lamba idan ta ƙare, sifili na nufin lafiya lau, 130 kuwa, wato 128 da 2, na nufin Ctrl da C ne ya tsayar da ita. A ce wani jerin umarni na kiran manhajar sau 50, fayil bayan fayil. Idan ta kama siginar ta yi shararta ta fita kamar aiki ya ƙare lafiya, mai kiranta zai zaci komai daidai ne ya wuce fayil na gaba, mutum ya yi ta dannawa sau 50. Gwani, bayan ya gama shara, cire kariyarsa yake yi ya aika wa kansa siginar, don na sama ya san yadda aka yi ya tsaya shi ma.

Wasu manhajojin sun mayar da katsewar wani ɓangare na aikinsu. Duk mai gyaran intanet a shago ya san ping, ƴar manhajar da Mike Muuss ya rubuta a 1983 don gwada ko wata na'ura tana amsawa. A Linux ba ta tsayawa sai ka danna Ctrl da C, kuma a lokacin ne take ba ka abin da ka zo nema: saƙo nawa aka aika, nawa suka dawo, nawa suka ɓata a hanya. A psql, manhajar yin magana da rumbun bayanai na PostgreSQL, dannawar tana soke tambayar da ta daɗe ne kawai, ta bar ka a zaune inda kake. Wasu kuma sun ɗauki al'adar danna biyu: na farko su ce sun ji, suna tattara kaya, in ka sake dannawa su fita nan take, abin da ya lalace kai ka zaɓa. Ina ganin wannan ita ce hanya mafi mutunci, domin ta kare aikin, kuma ta bar hukuncin ƙarshe a hannun mai na'ura. Abu ɗaya da ba shi da uzuri shi ne shiru. Wanda ya jinkirta amsa bai rubuta ko layi ɗaya a allo ba, ya tura mutum ne ga maɓallin kashe wuta.

Ba a ce babu inda kullewa ta dace ba. A tsarin VMS na kamfanin DEC, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, Ctrl da Y ne maɓallin katsewa, kuma masu kula da na'ura kan sa umarnin SET NOCONTROL=Y a jerin da ke gudana yayin shiga, don kada ma'aikacin da aka ware wa aiki ɗaya ya katse jerin ya tsinci kansa a inda zai iya ba da kowane umarni. Dalilin bai tsufa ba. Manhajar ƙirga lokaci a shagon intanet tana toshe hanyoyin fita don kada a yi amfani kyauta. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, ɗaliban Kano da Katsina da Sakkwato sun saba da allon da aikinsa ɗaya ne, tambaya da amsa. Akwai ma manhajoji irin su Safe Exam Browser da aka gina musamman don kashe maɓallan sauya taga yayin jarrabawa. Masu gyaran waya kuwa, daga kasuwar Farm Centre a Kano har ƴan rumfunan Dogondutsi, ba sai an gaya musu ba: idan ana zuba wa waya sabuwar babbar manhaja, yaron shago ko kusa da igiyar ba ya zuwa, don katsewa a nan na iya barin waya ba ta ko kunnuwa. Amma a duk waɗannan wurare wanda ya kulle yana da dalilin da zai iya faɗa a gaban mutane, kuma akwai wani a tsaye, mai shago ko mai sa ido, da ke riƙe da hanyar buɗewa.

Magina babbar manhaja sun san ba kowane marubuci ne gwani ba, kuma ba kowane ne mai gaskiya ba, don haka suka ajiye wa kansu abin da ba a karɓewa. A Unix sigina mai lamba 9, SIGKILL, ba a kama ta, ba a tsare ta, ba a toshe mata kunne. Manhajar ma ba ta sanin ta zo. Idan ana kashe kwamfutar Linux ta zamani, ana fara aika wa kowane aiki sigina mai lamba 15, wadda ke ba shi damar tattara kayansa, a jira har daƙiƙa 90 in ba a sauya saitin ba, wanda ya ƙi fita a aika masa 9. A ɗaya ɓangaren, Ctrl da Alt da Suppr, wanda injiniya David Bradley ya ƙirƙira wa kwamfutar IBM ta 1981 don sake tayar da na'ura, ya samu sabon matsayi a Windows NT a 1993: manhajar gama-gari ba ta iya tare shi. Saboda haka wanda ya danna shi kafin ya rubuta kalmar sirri ya tabbata da Windows yake magana, ba da allon bogi da wani ya dasa ba.

Sai kuma katsewar da ba ta aiko da sigina ko kaɗan, wadda mu ta fi shafa. Har zuwa 2023, kaso mai yawa na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a yammacin Nijar daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an yanke wannan wuta, ba a dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Ko ba rikici, kowa ya san yadda ake ɗauke wuta a zafin Afrilu da Mayu, kuma a ƙauyen da ke dogara da hasken rana ko janareta, batir na iya ƙarewa a tsakiyar aiki. Babu trap, babu xlErrorHandler da zai yi amfani a nan. Manyan gwanaye daga wannan suke fara tunani: su gina aikin yadda ko a wane layi ya mutu, abin da za a tarar ko dai tsohon lissafi ne cikakke, ko sabo cikakke.

Dabarun ba su da yawa, amma suna da kyau. Maimakon a rubuta a kan fayil na ainihi, a rubuta sabo a gefe, a tabbatar ya sauka a faifai, sannan a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon, domin sauya suna abu ne da ke faruwa gaba ɗaya ko ya ƙi faruwa. Haka rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, take kwafar fayiloli. SQLite, ƙaramin rumbun bayanan da Richard Hipp ya fara a 2000, wanda ke cikin kowace wayar Android har da ajiyar saƙonnin WhatsApp, yana ajiye bayanin canji a wani fayil na gefe, ta yadda in wuta ta ɗauke a tsakiya, buɗewa ta gaba za ta gyara lissafin da kanta. Tun daga Android 7 a 2016, wayoyi da yawa suna da gurbi biyu na babbar manhaja: ana zuba sabuwa a ɗaya yayin da ake aiki da ɗayan, in zubin ya lalace wayar ta tashi da tsohuwar. Shi ma saurayin da ya rubuta wa bankin hatsi makro yana iya yin irin wannan da abin da ke hannunsa. Ya yi duk lissafin a kan kwafin shafin, kada ya taɓa na ainihi sai an gama. Ko ya ƙara wani gurbi a gaban kowane suna da ake sa wa alama idan an kammala da shi, yadda sake kunnawa zai tsallake 141 ɗin farko ya ɗora daga na 142. Wanda ya yi haka ba ya tsoron Échap sosai, don ya riga ya yi tanadin abin da ya fi shi muni.

Ana gane wanda ya iya tun daga yadda yake gwada aiki. Almajiri zai zo ya ce, Malam, na gama, ya kunna makron ya bi sunaye 300 ba tangarɗa. Malamin kirki zai ce, to, ɗana, sake kunna shi, ka danna Échap a tsakiya mu gani. Sannan ya sa a danna a farko, a danna dab da ƙarshe, a danna sau biyar a jere, a ƙarshe ya miƙa hannu ya zare igiyar wuta, kowane karo ana haɗa jimillar sito da ta bashi a ga ko sun yi daidai. Masu kula da SQLite sun mayar da wannan aikin na'ura: suna da tsarin gwaji da ke kwaikwayon ɗaukewar wuta a wurare daban-daban yayin rubutu, kowane karo a sake buɗe rumbun a duba ko canjin ya shiga duka ko bai shiga ba sam. Suna kuma sa rubutu na farko a faifai ya gaza, su duba, sannan na biyu, sannan na uku, har aikin ya ƙare ba tare da ya ci karo da gazawar ba. Rubutun gwaje-gwajensu ya ninka na rumbun kansa sau ɗaruruwa.